Nomau da Kakar Auduga

A ƙauyenmu na Rafin Kanya akwai wani mutum da ake kira Nomau. Kada wani ya gaya muku mahaukaci ne, ni maƙwabcinsa ne, na san shi. Abin da ke damunsa ɗaya ne: magana yadda ta shiga kunnensa haka take zama, ba ya ƙara mata gishiri, ba ya rage mata. Su uku ne a gidansa, shi da matarsa Lantana da mahaifiyarsa Inna Kuluwa. Da na ce gidansa ma kara na yi masa, don ruwan wata damina ya rushe nasu, suka koma ɗakuna biyu a gidan Malam Istifanus, tsohon hedimasta. Sharaɗin zaman shi ne Nomau ya kula da karnukan Malam. Ran da aikin ya ƙare, zaman ma ya ƙare, ga shi Inna Kuluwa ba ta da ƙafar yawon neman ɗaki.

Karnukan biyu ne, mace da namiji, irin na ƙasar Turawa da ake kira korgi. Malam ya sayo su a birni wurin wata likitar dabbobi, da niyyar su hayayyafa ya riƙa sayar wa masu hali. Jiki na kare sosai, kunnuwa a tsaye, gashi gajere a kwance luf, amma ƙafafun ba su wuce taƙi guda ba. Ran da Nomau ya fara ganinsu sai da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsu.

"Malam, sauran ƙafafun suna cikin mota ne?"

"Haka Allah ya yi su. Macen Kyauta, namijin Dogo."

Nomau ya dubi wanda aka kira Dogo, ya dubi Malam. Tun daga ranar ruɗewa ta kama shi, ban kuwa ce ta sake shi har yau ba.

Wata rana Malam zai tafi taron coci a wani gari, ya nuna wa Nomau buhun busasshen abincin karnukan. "Kada ka ba su komai sai abin da ya fito daga buhun nan. Ka ji? Komai." Rana ta take, karnuka suka zaro harshe suna haki. Lantana ta ce, "Maigida, ƙishirwa za ta kashe dabbobin mutane." Ya ce, "Ruwa ba ya cikin buhu." Ta ce, "To sai su mutu?" Nomau ya zauna ya yi tunani, abin da ba ya zo masa da sauƙi. Can sai ya tashi ya ɗauko tulu ya juye shi kaf cikin buhun, ya tara kwano a gindi yana tarar abin da ke tsiyaya. Karnuka suka sha suka ƙoshi. Malam ya dawo ya tarar da abincin wata guda ya kumbura ya zama ƙullu.

"Daga buhu ya fito, Malam. Ko ɗigo ban ba su na waje ba."

Kajin unguwarmu suka yi mako guda suna biki.

Wata rana lokacin barbarar Kyauta ya yi, karnukan farautar gari suka fara zagaya gidan. Malam ya kai Nomau bakin shingen da ya kewaye karnukansa, ya ɗaga masa yatsa. "Jinin nan mai tsabta ne, ba na son gauraye. Mako uku ƙofar nan ba za ta buɗu ba. Ko wa ya zo, ko ni ne, kada ka buɗe." Washegari Malam ya fito da sassafe zai duba dabbobinsa, ya tarar da Nomau zaune ya jingina da ƙofar, makulli a rataye a wuyansa.

"Buɗe mini."

"An hana, Malam."

"Wa ya hana?"

"Kai."

"To ni ne yanzu nake cewa ka buɗe!"

"Ai ka ce ko kai ne."

Malam ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya kira matarsa ta sa baki, Nomau bai gusa ba. Mako uku cur hedimasta yana hawa turmi yana leƙen karnukansa ta saman shinge. Shi kansa Nomau bai buɗe wa kansa ba, tsallakawa yake yi da kwanon abinci a ka, har ƙaya ta raba masa wando biyu. Ku riƙe wannan a ranku, don zai dawo.

Wata rana, bayan wata biyu, Kyauta ta haifi 'yan kwikwiyo biyar. Malam ya yi murna kamar an yi masa jika. Zai fita ya gaya wa abokansa, ya waiwayo ya ce, "Nomau, ka kula da ita kamar yadda ake kula da mai jego." Nomau bai taɓa yin jego ba, sai ya je wurin wadda ta sani.

"Inna, me ake yi wa mai jego?"

Inna Kuluwa ta zaci a maƙwabta aka haihu, ta zayyana masa tsaf: ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, sai kunun kanwa mai yaji. Nomau ya hura wuta, ya tafasa tukunya, ya dama kunu ƙwarya guda. Allah ya taimaki Kyauta, tana jin tururi ta shige ƙarƙashin rumbu, inda gajerun ƙafafu suka yi mata rana. Inna ta fito ta ga ɗanta kwance rub da ciki, ganye a hannu, yana roƙon karya ta fito a yi mata wanka.

"Innalillahi! Kai ɗan nan, karya ce mai jegon?"

Kunun dai bai yi asara ba. Malam ya dawo da baƙi uku, Lantana ta miƙa musu, suka sha suna yabawa, ba wanda ya gaya musu don wa aka dama.

'Yan kwikwiyo suka buɗe ido, suka fara tafiya. Huɗu sun ɗauko iyayensu sak. Na biyar kuwa, yana cika wata guda sai gashi ya fara tsiro masa buzu-buzu a bayan kunnuwa, a ƙirji, a cinyoyi, mai laushi, har Lantana ta sa masa suna Auduga. Shi ne kuma ya fi manne wa Nomau, duk inda ya sa ƙafa yana biye.

Wata rana wani mai saye ya zo daga birni, ya ɗaga Auduga ya juya shi, ya ce wannan ai gauraye ne, in kuwa ɗaya gauraye ne to bai yarda da sauran ba. Ya shiga motarsa ya tafi. Ran Malam ya ɓaci, ya ce, "Nomau, kada in sake ganin gashin nan!" Nomau ya saɓi Auduga sai rumfar Tanko wanzami, ya bi layi, har aka zo kansa ya zauna ya ɗora kwikwiyo a cinya.

"Ƙwal za a yi masa."

Tanko ya yi tsalle ya koma gefe. "Subhanallahi! Askar da nake sa wa a kan liman?"

Da ƙyar ya jefo masa wani tsohon almakashi ya ce kada ya dawo da shi. Nomau ya zauna gindin bishiya ya sausaye Auduga har ya koma kamar figaggiyar kaza. Ya tattara gashin ya binne, don an ce kada a sake ganinsa. Bayan 'yan makonni gashi ya dawo, har ya fi na da yawa.

A nan wasa ya ƙare. Malam ya kira Nomau tsakar gida, gaban Lantana da Inna Kuluwa.

"Ka buɗe ƙofar nan. Wani kare ya shiga."

"Ban buɗe ba, Malam."

"Uwa mai gajeren gashi, uba mai gajeren gashi. Daga sama wannan ya faɗo?"

Lantana ta ce, "Malam, a yi haƙuri, duk garin nan ina aka taɓa ganin kare mai dogon gashi?" Bai ko dube ta ba. Mutum in ya yi shekara talatin yana koyarwa, da wuya ya zauna a koya masa. Ya ce ran Juma'a su kwashe kayansu su ba shi ɗakunansa, kwikwiyon kuma a kai shi daji a yar.

Na ga Nomau a ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi. An sha kiransa wawa yana dariya, amma ba a taɓa kiransa maƙaryaci ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "To Malam, in ba a wurin uwarsa ya samo ba, ba a wurin ubansa ba, a ina ya samo?"

Malam ya daka masa tsawa. "Ni kake tambaya? Je ka tambayi kakarsa!"

Wata rana, wato washegari Laraba, Lantana ta tashi ba ta ga miji ba, ba ta ga Auduga ba, ba ta ga kwandon kajinta ba. Nomau ya riga ya shiga motar birni, kwando a cinya. Wata fasinja ta ce, "Bawan Allah, kazarka haushi take yi." Ya ce, "Ba kaza ba ce, wurin kakarsa za mu." Ba wanda ya sake yi masa magana har tasha.

Da tambaya ya kai gidan Likita Rahila, wadda ta sayar wa Malam karnukan. Ya yi sallama ya ce ya zo ganin kakar wannan, ta wajen uwa. Likita ta leƙa kwando, ta yi murmushi, ta kai shi bayan gida. Ga wata tsohuwar karya kwance a inuwa, gajerun ƙafafu, kunnuwa a tsaye, gashi kuwa har yana share ƙasa. Nomau ya cire takalmi, ya durƙusa a gabanta.

"Sannu da hutawa, Kaka. Malam ne ya aiko ni. Ya ce in tambaye ki inda jikanki ya samo gashi."

Tsohuwa ta yi hamma. Ya maimaita. Ta sa ƙafa ta sosa kunne. Ya maimaita na uku da ƙarfi, ko kunnen ya yi nauyi. Likita ta dafa bango tana dariya har da hawaye, amma da ya ba ta labarin Juma'a sai dariyar ta tsaya. Ta ɗauko gyaɗa guda ta ɓare a gabansa.

"Malam Nomau, dubi nan. Kowane kwikwiyo yana gadon ƙwayar gashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kamar biyun nan cikin ɓawo ɗaya. Ƙwayar gajeren gashi mai baki ce, in tana nan ita ake gani. Ta dogon gashi kuwa mai kunya ce, ɓuya take yi, ba ta fitowa sai ta haɗu da irinta. Kyauta ta gaji ɗaya wurin tsohuwar nan, tana ɗauke da ita a ɓoye. Dogo ma yana da tasa daga nasa kakannin. A jikin wannan suka haɗu. Cikin 'ya'ya huɗu akan sami ɗaya haka, wata haihuwar babu, wata har biyu. Ka gane?"

Nomau ya daɗe yana kallon tafin hannunta.

"Likita, wallahi ban ba su gyaɗa ba. Ba ta cikin buhu."

Likita ta ga bayani ba zai kai Rafin Kanya a bakin wannan mutum ba. Ta ɗauki makullin mota, ta sa tsohuwar karya a baya, Nomau da kwandonsa a gaba.

La'asar suka iso, Inna Kuluwa na zaune kan ƙullin kayanta, don ta fara ɗauri tun ba a kai Juma'a ba. Aka buɗe mota, tsohuwa ta sauko tana jan gashi. Kyauta ta rugo ta shinshine ta. Auduga ya fito daga kwando ya tsaya kusa da kakarsa, kai ka ce an tsaga kara. Malam Istifanus ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Likita ta sake ɓare gyaɗa ta yi masa bayani, ta ce jinin ba gauraye ba ne, gashin kuma ba ciwo ba ne, masu gasar kyawun karnuka ne kawai ba sa sonsa, kada kuma a sake aske shi. Malam ya ce ai shi da kansa ya koyar da wannan darasi a aji, da wake fari da ja, shekara da shekaru. Muryarsa ta yi ƙasa da ya faɗi haka.

Ya juya wurin Inna ya ce, "Inna, kwance kayanki, ba inda za ku." Sannan ya tsaya gaban Nomau, gaban mu duka da muka taru. "Ba ka buɗe ƙofa ba. Na zalunce ka, ka yafe mini. Kwikwiyon ma naka ne."

Nomau bai yi murna nan take ba, fuskarsa a ruɗe take kamar kullum.

"Na yafe, Malam. Amma akwai abin da ban gane ba. Aiken da ka yi mini bai yiwu ba, sau uku na tambaye ta, ba ta ce komai ba. Ni kuwa da Hausa na gaya maka ban buɗe ba, ba ka yarda ba. Ita da ba ta yi magana ba, ka yarda da ita. Yaya ake yin haka?"

Hedimasta ya sake cire tabarau yana gogewa. Nomau ya jira, don shi in ya yi tambaya amsa yake jira. Da ya ga ba ta zuwa, sai ya sunkuya ya ɗauki Auduga, ya je ya taya mahaifiyarsa kwance ƙullin kaya.