Jatau da Na'urar Tada Ƙwaƙwalwa

A wani ƙauye da ke gabas da kogi, sunansa ya kwanta mini yanzu, an yi wani mutum ana kiransa Jatau. Gemunsa har ya fara furfura, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Shi da tsohuwarsa Tabawa kaɗai ne a gidan. Da tsufa ya kama ta sai mantuwa ta shigo, har ta kai ba ta gane ɗan nata, sai dai ta ce masa bawan Allah.

Wata rana ya kai ta wani asibiti a birni, inda ake gwada wata na'ura. Ana ɗora ta a kai, maganaɗisu ya riƙa zungurar ƙwaƙwalwa, ba yanka ba allura. Likita ta ce, "Gwaji ne, ba mu yi alkawari ba. Amma kada ƙarfe ya kusanci kanta." Da suka koma gida, Jatau ya hau ɗakin Tabawa ya kware kwanon rufin. Damina ce. A ɗakin maƙwabta suka ƙarasa makon.

Wata rana likita ta ce, "In ta yi tambaya, kada ka yi saurin ba ta amsa. Bar ta ta lalubo." Da yamma Tabawa ta ce, "Bawan Allah, me ke ƙauri?" Jatau ya kame baki. Gefen zanenta ne ya taɓa murhu. Maƙwabciya ce ta kashe wutar da ruwan tsari na wankin hatsi.

Wata rana kuma likita ta nuna masa hoton ƙwaƙwalwar, ta ce, "Wurin tunawa yana ɗan motsawa, amma ba ya daɗewa. A gida ka riƙa yi mata abin da ta saba gani a wurinka tun da."

Jatau ya yi tunani har ya gano abin. Ya bari sai da Tabawa ta zauna kusa da tukunya, ya lallaɓo, ya tsoma hannu a miya, ya tsamo tsoka ya jefa a baki.

Tsohuwa ta dube shi. Ta lalubi muciya.

"Jatau! Ɗan nema, har yau ba ka bar halin nan ba?"

Ta maka masa a kafaɗa. Jatau bai gudu ba. Ya gyara tsayuwa, ya juya mata ɗaya kafaɗar.

"Ƙara, Inna," in ji shi. "Amma ki riƙa haɗawa da sunan."