Tsallen Hanyar Bafarawa

Ranar da za mu gaida surukaina a Bafarawa, ruwan sama ya cika wani kwazazzabo a hanya. Matata ta tuɓe takalmi ta ratsa kamar kowa. Ni kuwa malamin lissafi ne. Na tsuguna na buga lissafin kwadiratik a yashi: tsallena zai yi sama daidai gwiwa, ya ci taku bakwai, kwazazzabon kuwa taku shida ne.

"Za ni tsallake shi," na ce.

Ashe ban sa babbar riga a lissafin ba. Ta harɗe ni, sai ga ni cikin laka.

Da muka isa, surukina ya miƙo mini rigarsa ta Juma'a. Amma har yau, ko tabarma za ni ƙetare, sai matata ta riƙo hannuna: "Malam, ka lissafa?"