Ranar da Nomau Ya Ɗauko Makau

A garin Tudun Kanya akwai wani mutum ana ce da shi Nomau. Ƙato ne mai ladabi, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Shi da matarsa Lantana suna zaune a gidan yayansa, Alhaji Buwai, tsohon malamin makaranta wanda tun da ya ajiye aiki ba shi da abin yi sai tara faya-fayan garmaho na makaɗan fada. Ɗaki guda ya ware wa faya-fayan, kowane faifai da rigarsa ta takarda.

Wata rana Lantana ta kwashe tuwo, hannunta na kan miya, ta ce, "Malam, ɗauko faifai ka rufe mini tuwon nan." Nomau ya duba na kaba ya ga duk sun tsufa. Ya shiga ɗakin yayansa ya zaɓo baƙi mai sheƙi, ya kifa a kan tuwo mai zafi. Kafin miya ta nuna, faifai ya lanƙwashe kamar kwanon sha. Alhaji ya ɗora hannu a ka, ya ce, "Ka san abin da ka dafa? Waƙar da babu irinta a ƙasar nan!" Nomau ya ce, "Ai ya yi aiki, Yaya. Har da ƴar ƙofa a tsakiya, tururi na fita."

Wata rana garmaho ya fara shaƙewa. Alhaji ya ce, "Abin nan allura yake so. Nomau, je ka nemo masa." Nomau ya naɗe garmaho da zane ya kai shi asibitin gari, ya bi layi tun hantsi har azahar. Malamin asibiti ya ce, "Wa ke ciwo?" Ya ce, "Ga shi nan. Muryarsa ce ta dishe." Malamin ya yi dariya har da hawaye, ya kore shi. Nomau ya dawo ransa a ɓace, ya ce wa yayansa mutanen asibitin nan ba su da tausayin tsofaffi.

Wata rana kuma Alhaji ya ce, "Kira mini su Malam Jibo su zo mu sha kiɗa." Abokai suka hallara. Alhaji ya yi musu bayani mai tsawo cewa wannan kiɗan na masu ilimi ne, ba a rawa, ba a tari. Kowa ya lumshe ido yana gyaɗa kai, ba a jima ba biyu suka fara minshari. Shi kuwa Nomau ya raba wa kowa kofi, ya tsuguna ya tara ƙwarya a bakin garmaho. Da faifai ya ƙare ya leƙa ƙwaryar, ya dubi baƙin, ya ce, "Yaya, ni ko ɗigo ban samu ba, amma su Malam sun sha har sun bugu."

Ana nan, wata rana wata malamar jami'a, Dakta Asabe, ta zo takanas don ta ji waƙar Makau Mai Kotso. Sai Alhaji ya tuna ya ba wani abokinsa na ƙauyen Gidan Dutse aron faifan. Ya ce, "Nomau, hau keke maza ka je Gidan Dutse ka ɗauko mini Makau." Kafin ya dawo, Alhaji ya cika Dakta da labari: Makau ya rasu shekara ashirin ke nan, muryarsa kuwa ba ta rage ko'ina ba sai a wannan faifai nasa.

Nomau ya isa ƙauyen ya tambayi inda Makau yake. Aka nuna masa wani tsoho yana tufkar igiya a gindin ɗorawa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Yaya ya ce in ɗauko ka." Ya sungume shi ya ɗora a bayan keke.

Suna shiga zaure Nomau ya ce, "Ga Makau." Alhaji ya miƙe har rawaninsa na warwarewa. Dakta ta ce, "Baba, an ce mini ka rasu." Tsohon ya ce, "Ni dai ba a gaya mini ba, ƴata. Tsakaninmu da nan tafiyar awa guda ce, amma shekara talatin ba wanda ya aiko nemana sai wannan bawan Allah." Ya gyara zama, ya buɗe baki ya kama waƙa. Muryar ta tsufa, amma mutanen unguwa suka cika ƙofar gida, Lantana ta rangaɗa guɗa daga ciki. Kwana uku Dakta ta yi tana naɗar waƙoƙin da ba a taɓa sawa a faifai ba, Alhaji na gefe, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Da aka gama, Nomau ya matso kusa da yayansa ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Yaya, wannan ma a ɗaki za a ajiye shi, ko a ba shi abinci?"