Tarin Ƙarya Saboda Kicidin Mama Lalita

Ba zan taɓa mantawa da tarin da na yi na mako uku a Greensboro ba, musamman da yake kwana biyar ne kawai a cikinsa na gaskiya. Sauran kwana goma sha shidan, Allah Ya yafe mini, ni na ƙirƙire su da maƙogwarona, kuma duk saboda abinci. Eh, abinci. Ni da gemuna.

Lokacin ban fi shekara biyu da barin Maraɗi ba, zamanin da muke sayen katin waya mu kankare bayansa kafin mu ji muryar gida. Ina aiki a wani katafaren sito kusa da titin Wendover, daga safe zuwa yamma ɗauki kwali ajiye kwali, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan afatmen, wato ɗakin haya, a hawa na biyu. Girki kuwa, kada ma a tambaya. Tukunya ɗaya gare ni, kuma abin da ta sani a duniya shi ne taliya da sardin. (Idan ina son canji sai in fara zuba sardin ɗin, taliyar ta biyo baya.)

Ƙasa da ni wasu Indiyawa ne: Binod mai aikin kwamfuta, da matarsa da yaransu biyu, sai mahaifiyarsa Mama Lalita, wata tsohuwa 'yar gajeriya da ta zo daga Indiya ta kwana biyu wurinsu. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ni dai a raina gani nake na san Indiyawa ciki da waje, tunda a gidan kallo na ƙarar da ƙuruciyata. Har haushi nake ji ban taɓa ganin Binod ya rera waƙa a wurin ajiye motoci ba.

Ana tsakiyar sanyi mura ta kayar da ni. Ga zazzaɓi, ga ciwon kai, ga tari irin mai girgiza gado. Ashe da yake benen na katako ne, duk tarin da na yi a kan Mama Lalita yake sauka. Rana ta biyu da hantsi na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na ja jiki na buɗe, sai ga ta tana haki, riƙe da kwanon silba mai hawa uku, Binod na bayanta.

"Mama ta ce mai irin wannan tarin ba shi da mai dafa masa," in ji Binod, don ita ba ta jin Turanci sosai. Ya kuma nemi lambar wani nawa ko da jikin zai rikice, na ba shi ta Alhaji Isufu, dattijon da ya karɓe ni ranar da na sauka Amurka.

Da na buɗe kwanon, gaskiya ban ga abin burgewa ba. Shinkafa ce da wasu ƙananan wake rawaya, an dafa su tare har sun yi luguf kamar fate, kurkum ya rina su. Sunansa kicidi. Amma a samansa akwai man shanu da aka soya da tafarnuwa da wani ɗan iri mai ƙamshi, yana ta sheƙi. Na kai loma ɗaya, na kai ta biyu, a ta uku sai ga hawaye. Rabon da wani ya dafa abu domin ni, don kawai ba ni da lafiya, tun kunun da Inna ke dama mini a gida. Na zauna a bakin gado ina ci ina sharɓar majina, na side kwanon tas. A kwano na biyu akwai madara mai zafi da kurkum da masoro da zuma, na shanye ta, na yi barcin da na manta rabona da irinsa.

Haka aka yi ta yi, safe da yamma. Ta hauro, ta ɗora tafin hannunta a goshina, ta ce "beta", wato ɗana, ta ajiye kwano ta karɓi na jiya. Kwana biyar na warke sarai. Na tashi ranar da safe ba zazzaɓi, ba tari, hancina a buɗe. Na dubi tukunyar taliyata, na ji kamar in yi kuka.

To, mai hankali zai sauka ne ya ce, Mama na gode, na warke, amma abincin nan ya yi mini daɗi, a koya mini. Sai dai a gidanmu ba a haka aka raine mu ba. Ko yunwa za ta kashe ka, ba ka nuna kwaɗayin tukunyar maƙwabta. Ko an miƙo maka ma sai ka ce ka ƙoshi, sai an matsa sau biyu sau uku. Ƙato kamata ya je ya ce wa tsohuwa a ƙara masa abinci? Kunya ba za ta bar ni ba. (Ita kunyar tawa, ku lura, roƙo ne kawai ta hana ni. Ƙarya kuwa ko a jikinta.)

Da ta hauro ta tambayi jiki da hannu, sai na langaɓar da kai. Kun san mutanenmu, ko ana riƙe da mutum ta ko'ina aka ce yaya jiki, "da sauƙi" zai ce. Ina jin ni ne Bahaushen farko da aka tambaya yana lafiya garau ya girgiza kai.

Na koma aiki, amma na fito da tsari. Da na dawo, tun daga ƙasan bene nake naɗa mayafi a wuya, in na zo daidai ƙofarsu in saki tari uku, in rage sauri. In na shiga ɗaki sai in sunkuya in yi wani tarin ina fuskantar ƙasa, don saƙon ya isa inda aka aike shi. A sito kuwa ina ɗaga kwali biyu-biyu, har shugaban shif ɗinmu yana tambayar me nake ci.

Sai dai ita Mama Lalita ba wasa take yi ba. Da aka shiga mako na biyu tari bai tafi ba, hankalinta ya tashi, ta yanke cewa man shanun ne ke riƙe shi a ƙirji. Ta cire man shanu! Kicidi ya zo fari fat, ba sheƙi ba ƙamshi. Bayan kwana biyu ta ƙaro da wani baƙin ruwa a filas, an dafa citta da kanumfari da masoro da wani busasshen ganye. Kurɓa ɗaya na gane shi. Dogon yaro ne. Na baro shi a ƙofar gidanmu a Maraɗi, ashe ya biyo ni Amurka ta hanyar Indiya, a ƙulle cikin leda. Kuma ba ta tafiya sai ta ga ƙarshen kofin. Daga nan sai sirace: ta lulluɓe ni da tawul a kan tukunyar ruwan zafi, ta dafe kaina da hannu ɗaya, ina gumi ina istigfari.

Kullum sai in ce gobe zan warke. Goben na zuwa sai ta ji tausayina ta ɗiga ɗan man shanu kaɗan, ko ta ƙaro wani lemun tsami da aka tsuma cikin gishiri da yaji, sai in ɗage warkewar zuwa jibi. Abin da ya fi damuna shi ne gwiwarta. Ina jin yadda take hawa benen nan, taku ɗaya ta tsaya, taku ɗaya ta tsaya, saboda ɗan mutanen da take zaton yana jin jiki. Wallahi raina yana sosuwa. Amma da ta buɗe kwano sai sosuwar ta lafa.

Ranar Asabar ta mako na uku muna da ƙwallo. 'Yan Nijar da 'yan Najeriya, a filin da ke bayan gidan Alhaji Isufu can McLeansville, bayan an tashi kuma Hajiyarsa ta yi mana girki. An yi rana mai daɗi, ni kuma ni ne ɗan wasan gaba na 'yan Nijar. Na sulale da sassafe, takalmi a hannu, na wuce ƙofarsu da sanɗa ko numfashi ba na yi.

Wasa ya yi zafi, ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi. Aka bugo mini ƙwallo, na yanke wani ƙaton ɗan Jos, na yanke na biyu, na ɗirka ta a raga. (Kicidin mako uku ne a ƙafar nan, ba wasa ba.) Na tuɓe riga a cikin sanyin nan, ina juya ta sama ina ihu, na ruga gefen fili na zube a gwiwa ina sulɓewa kamar yadda nake gani a talabijin. Sulɓewar ta ƙare daidai gaban wasu ƙananan ƙafafu cikin safa da silifa. Na ɗaga ido a hankali. Sari. Rigar sanyi. Filas. Mama Lalita.

Ashe ta hauro da safe ta yi ta bugu shiru, ta ɗauka na suma a ciki ko an kwashe ni zuwa asibiti. Binod ya kira Alhaji a rikice. Shi kuwa Alhaji, wanda a lokacin yana kallona ina tsalle a fili, ya ce musu ina wurinsa, su zo su ga halin da nake ciki da idonsu, har da kwatancen hanya. Tsohuwa ta haɗo bargo da magani, suka tuƙo tun daga cikin gari.

"Bon, ga majinyacinku nan," in ji Alhaji, yana gyara hula. "Kun ga yadda jikin ya yi tsanani. Ni ma yanzu nake shawarar a kira lokotoro." (Likita ke nan, a bakin mutanenmu na Nijar.)

Mutum sama da ashirin suna kallona, ba riga, gumi na zuba, ƙirji na sama da ƙasa. Kuma kun san abin da na yi? Na yi tari. Wallahi ban yi niyya ba, sabo ne, da na ga fuskarta maƙogwaron ya kama aikinsa. Ai kuwa sai wurin ya fashe da dariya, har ɗan Jos ɗin da na yanke ya kwanta a ciyawa yana dukan ƙasa.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗora hannu a goshina kamar kullum, ta daɗe, sannan ta yi magana da yarensu.

"Ta ce tun yaushe ka warke?" in ji Binod.

"Kwana goma sha shida," na ce, kaina a ƙasa.

"Ta ce me ya sa ka yi mata haka?"

A nan na ji da ma ƙasa ta tsage. Na ce da ƙaramar murya, "Kicidi."

Binod ya zaro ido. "Kicidi? Abincin marasa lafiya? Mu gudunsa muke yi! Yarana in sun ji ƙamshinsa ɓoye murarsu suke yi." Da kyar ya iya fassara mata saboda dariya.

Mama Lalita ta dube ni, ta dubi filas ɗin hannunta, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har tana share hawaye da gefen sarinta. Da ta natsu ta yi wata doguwar magana, Binod ya fassara, shi ma muryarsa ta ɗan sauya. Wai tun tana amarya take dafa kicidi, ta dafa wa miji, ta dafa wa 'ya'ya da jikoki, kowa yana ci yana yamutsa fuska, ba wanda ya taɓa neman ƙari. Wai wata shida ke nan tana ƙasar nan tana zaune bakin taga, sai a makonni ukun nan ne take tashi da safe da abin yi. Na ji daɗi, na ji kunya, duka a lokaci guda.

Amma ba ta bar ni haka ba. Ta buɗe filas ta miƙo mini, ta nuna da yatsa cewa duka. Na shanye ruwan dogon yaron nan a durƙushe, 'yan Nijar da 'yan Najeriya sun haɗa kai karo na farko suna tafa mini. Daga nan Hajiya ta ja ta cikin gida, da ta ji ba ta cin nama ta kawo mata waina da zuma, suka yi ta hira da hannu har la'asar.

Washegari ta sa na sauko da tukunyata, ta koya mini daga wankin wake har suyar man shanu, tana buge mini hannu da ludayi in na yi garaje. Kafin ta koma Indiya mura ta sake kama ni, ta gaske wannan karon. Na yi tari kwana biyu ba wanda ya hauro. Da na lallaɓa na sauka da kaina, ta taɓa goshina, ta taɓa wuyana, ta sa na buɗe baki ta leƙa, sannan ta yarda. Ta zaunar da ni a kujerar Binod, ta zuba mini kicidi da man shanu cokali biyu.

Tun daga lokacin, in abincin mutum ya yi mini daɗi, buɗe baki nake yi in faɗa masa, in miƙa kwano a ƙara. Kunyar roƙo ta minti ɗaya ce. Ta ƙarya kuwa, har yau in na shiga taron suna a Greensboro, sai an sami wani dattijo ya dube ni ya yi tari sau uku.