Gwabzawar Mamuda da Turmin Sakwara

Da sunan Mai raba ƙarfi tsakanin bayinsa, wannan shi ne tarihin Mamuda ɗan Ilu, jikan Barmo wanda aka ce ya taɓa hararar kura ta sauya hanya. Mamuda akawu, sadaukin da tun haihuwarsa bai ɗaga makamin da ya fi biro nauyi ba.

Asalin fitinar, Mamuda ne ya aika wa surukinsa Alhaji Gambo bushara cewa ran Juma'a za a ci sakwara a gidansa, mai laushin da ba ta neman tauna, domin haƙoran Alhaji sun daɗe da yin hijira. Sai ƙaddara ta sauka, matarsa Lantana ta yi targaɗe a hannu da safiyar ranar. Ga suruki ya sauka a zaure, ga doya tana tururi cikin turmi.

"Maigida, bari in kira maƙwabciya," in ji Lantana.

"Ina raye?" in ji Mamuda. Ya tuɓe riga, ya ƙara ɗaure wando, ya damƙi taɓarya.

"To, da zafinta ake daka ta. Bi a hankali, kada ka tsaya."

Ina! Jarumi ba ya karɓar shawara a fagen fama. Ya yi kururuwa, "Sai ni Mamuda, guguwa mai kwashe rufi!" A bugun farko kaji suka watse, ƙasa ta girgiza, ɓarin doya ya yi tsalle ya tsallake katanga. Can a zaure Alhaji ya gyara zama ya haɗiyi yawu.

Ashe wutar kara ce. Ba a jima ba kafaɗu suka yi tawaye, ƙugu ya nemi sulhu, numfashi ya tsere ya bar ubangidansa. Sadauki ya jingina da taɓarya, wai yana nazarin dabarun abokan gaba. Kafin ya gama nazari doya ta huce, ta yi gudaji masu taurin tsakuwa. Wallahi har ni ya ba ni tausayi.

Da hannu ɗaya Lantana ta kwashe gawarwakin, ta zuba manja da albasa, ta mayar da su fate. Mamuda ya kai zaure, ya durƙusa, kansa a ƙasa don kunya. Alhaji ya buɗe kwano, ya daɗe yana dubawa.

"Mamuda, tun daga nan muka ji aradu."

"Na'am, Baba."

"Ruwan fa, a wane gari ya sauka?"

Sannan ya ce a miƙo masa cokali.