Ni da Jif ɗin Mutanen Abuja

Ko da zan manta da duk abin da aka koya mini a jami'a (Allah ya sani ma rabi ya riga ya tafi), ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Angwan Iya ba. Amma bari in faɗa tun da wuri, kar ku zaci tuba na zo yi. Kunya dai na sha ta, har na ƙoshi. Aikin da ya kai ni wurin ne ban yi nadamarsa ba, kuma ba zan yi ba.

Ina shekarar ƙarshe a sashen koyon aikin jarida. Wani malaminmu da muke kira Dakta ya raba mu uku-uku, ya ce kowace ƙungiya ta haɗa bidiyon waƙa. Sharuɗɗansa biyu ne. Ku zaɓi salo ɗaya ku bi ƙa'idojinsa, yadda mai kallo zai gane irin waƙar tun kafin a buɗe baki. Sannan ku lanƙwasa ƙa'idojin ta wani wuri, a ga hannunku a ciki. Na farkon muka ji. Na biyun ta bayan kunnenmu ya bi.

Ƙungiyarmu akwai Bulus, ɗan Akwanga mai zaƙin murya, shi ya rera waƙar a wani ɗan sitidiyo. Akwai Safiya mai riƙe kyamara. Sai ni darakta (ni na naɗa kaina, ba wanda ya zaɓe ni, ba kuma wanda ya isa ya sauke ni). Muka zaɓi waƙar soyayya irin ta finafinanmu, muka zauna muka yi ta kallo har muka haddace dokokin. Saurayi da budurwa sai sun yi anko. Kowane baiti a canja kaya. Taku uku tsakaninsu, ba a taɓa juna. Budurwa ta juya baya tana yanga, sai can ta waiwayo da murmushi. A samu furanni. Uwa uba kuma, babbar mota, wadda ba wanda zai tuƙa, jingina kawai ake yi da ita.

Ana saura kwana goma mu miƙa aiki, yarinyar da za ta fito a budurwa ta janye, wai saurayinta ya ce a'a. Muka nemi wata muka rasa. Na ce to, ni zan fito.

A nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani, don akwai magana a ƙasa. Lokacin da na samu gurbin karatu, Gwaggo Lami, yayar Babana, ta zo har gidanmu a Gangaren Tudu ta ce wannan karatun hanyar zama 'yar fim ce. Baba ya tsaya mini. Ya ce, "Yaya, labarai za ta karanta a talabijin, ba rawa ba." Bayan ta tafi ya kira ni ya ce duk ranar da ya ga ina rawa a gaban kyamara, to ranar na gama karatu. Baba kuwa ba ya magana biyu. Na san da haka sarai. Amma na ce wa kaina ai Dakta kaɗai zai gani, wa zai kai wa Baba labari?

Baiti biyu muka kammala lafiya, da furannin bakin wani otel da duk abin da ake so. Saura mota. Duk wanda muka roƙa sai ya ce tana wurin bakanike. Na ce wa su Bulus su kwantar da hankalinsu, da ɗan gari akan ci gari, ba lungun da ban sani ba a Keffi. Satin nan kaf ban leƙa gida ba, ina ɗakin Safiya kusa da makaranta muna haɗa hotuna. Mama ta kira ni sau uku ban ɗauka ba, na ce sai na gama. Darakta ai ba ta da lokaci.

Ranar Asabar da hantsi muka hau keke da kayanmu, muna neman ko da ƙofar gida mai kyau ce mu yi maleji da ita. Muna shiga Angwan Iya sai ga wani fili cike da motoci. Jifa-jifai baƙaƙe, lambar Abuja, an wanke su suna sheƙi, kuma ko mutum ɗaya babu a wurin. Na daki kafaɗar mai keke na ce tsaya nan, ta faɗi gasassa.

Safiya ta ce, "Anya kuwa? Motocin su wa ne?"

Bulus ya ce, "Madam darakta, abeg mu tambaya tukuna. Ni ba na son wahala fa."

Na ce, "Biki ne mana! Lungunan nan ba sa ɗaukar jif, shi ya sa suka ajiye a nan. Masu biki kuwa ba sa hana hoto. Minti goma mun gama."

Yanzu ku duba abin da ke gabana ban gani ba. Ba kiɗa. Ba rumfa. Ba mace ko ɗaya da anko. Ga butoci a jere a bakin lungu. Wani dattijo ya wuce da carbi a hannu, ya kalle mu, ya girgiza kai ya shige. Duk yarinyar da ta tashi a garin nan ta san abin da wannan yake nufi tun tana goye. Ni kuwa idona na kan yadda rana take sauka a gilashin motar, ina ta cewa Safiya ta duba haske.

Na ɗora leshi ruwan ɗorawa mai walƙiya (na aro ne, na wata 'yar ajinmu), na kafa ɗauri, na shafa jan baki, na maka baƙin gilashi. Bulus ya sa shadda kalar leshina. Muka kunna sifika. Amshin waƙar kuwa, don ku ji yadda ƙaddara take tsara abinta, cewa yake: "Duniyar nan tamu ce, bari mu shana."

Ɗauka ta farko mun jingina da wata baƙar jif, ta yi kyau. Da mun tsaya nan da mun tsira. Amma darakta ba ta gamsu ba. Na ce jingina kowa ma yana yi, na tuɓe takalmi na haye bonet. Na juya baya kamar yadda doka ta ce, ina karkaɗa kafaɗa, ina ba da umarni ba tare da na waiwaya ba.

"Safiya, matso! Bulus, ka saki fuska mana, ba gidan mutuwa muka zo ba!"

(Eh. Haka na faɗa. Da ƙarfi kuma, don muryata ta fi ta sifika.)

Ban ji amsa ba. Na ɗauka sun nutsu ne da aiki. Na ƙirga kiɗan a raina, lokacin waiwaye ya yi, na juyo a hankali da murmushin nan da na kwana uku ina gwadawa a madubi.

Safiya ta sauke kyamara. Bulus ya cire hula ya riƙe a ƙirji. A bayansu kuwa maza ne cike da bakin lungu, cikin fararen kaya da manyan riguna, wasu ko gama shafa fatiha ba su yi ba. Liman a gaba. Kusa da shi wani mutum mai makullin mota a hannu. Na uku Babana.

Ashe addu'ar uku aka tashi. Alhajin da ya rasu kuma ba wani ba ne, maigidan Baba ne, wanda ya koya masa kasuwa tun yana saurayi. Kiran da Mama take ta yi ke nan, in zo in je gaisuwa.

Sifika kuwa tana ta sanar da jama'a cewa duniya tamu ce. Bulus ya yi wuf zai kashe, sai ya ƙara mata murya. Mai makullin nan, babban ɗan mamacin, ya danna abinsa, motar ta yi ƙara a ƙarƙashina, fitilunta suka yi walƙiya. Ban san lokacin da na ce "Na'am" ba.

Baba ya tako har gaban motar. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mini sauƙi.

"Uwata, kun gama?"

"Mun gama, Baba."

"To sauko. Tunda kin zo, shiga ki yi wa Hajiya gaisuwa."

"Baba, bari in canja kaya..."

"A haka kika zo."

Lungun nan bai fi taku hamsin ba, amma ban taɓa tafiya mai tsawonsa ba. Maza suka dare mini hanya. Na shiga tsakar gida, mata cike a kan tabarmi, kowa da hijabi, kowa ido ya kumbura, sai ga ni ina ƙyalli kamar an kunna fitila. Na durƙusa gaban matar mamacin na ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji." Ta amsa a hankali, ta daɗe tana kallona, sannan ta tambayi na kusa da ita, "'Yar wa ce wannan?"

Wa zai amsa in ba Gwaggo Lami ba? Tana nan zaune a gefe, labari ya riga ni shigowa, abin nema ya samu. Ta gyara zama ta ce yadda har na bayan gida za su ji, "'Yar ƙanena ce. Mai karanta labarai a talabijin."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba. Sai da na zauna aka miƙo mini ƙosan sadaka, na kuma ci, don ban san yadda ake ƙi ba.

Bayan la'asar aka zauna a gida. Gwaggo ta ce magana ta ƙare, Baba ya cika alkawarinsa, a kwaso kayana daga makaranta. Saura wata biyu fa in gama, shekara huɗu za su tafi a banza. Amma wani abu ya taso mini, na ce in dai za a yanka ni, to sai na yi magana.

Na durƙusa na ce, "Baba, na hau motar mutane ban tambaya ba. Na ƙi ɗaukar wayar Mama. Na karya maganarka, na kuma kunyata ka a gidan maigidanka. Duk na amsa, ka yi mini hukuncin da ka ga dama. Amma aikin da aka ba ni ba iskanci ba ne, karatu ne, kuma na iya shi. In ka cire ni yau, har in mutu sunana wadda ta yi rawa a gidan makoki. Ka bar ni in gama, a samu wani abin faɗa a kaina."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ka ji ko? Har da baki!"

Baba ya ce a kira Safiya ta kawo abin ya gani. Ya sa tabarau ya kalla tun daga baitin farko har zuwa inda fuskarsa ta fito a ƙarshe. Ya ajiye.

"Motar taki ce?"

"A'a."

"Leshin fa?"

"Na aro ne."

"Furannin a gidan nan suka tsiro?"

"Na otel ne."

"To me ke naki a ciki? Wannan shi ne abin da kika iya?"

Wallahi wannan ta fi ta Gwaggo zafi, don a kan sana'ata ya soke ni. Ya ce a goge komai a gabansa, in je in ba ɗan Alhaji haƙuri, rawa kuma na yi ta farko na yi ta ƙarshe. In ina son in sake, in tsaya a bayan kyamara, in yi da abin da muke da shi, a inda idonsa yake.

Inda idon Baba yake shi ne shagonsa na robobi a kasuwa. Nan muka koma, saura kwana huɗu. Ba budurwa, don haka Bulus ya yi ta rera wa wadda ba a gani, sai hannunta kawai yana zaɓen kofuna (hannun Safiya ne, ni na riƙe kyamara). Anko kuwa da kaya ya yi: baitin shuɗiyar riga a gaban shuɗɗan bokitai, baitin ja a gaban jajayen kuloli. Maimakon jif, da baron dako ya jingina, yana shafa shi kamar na miliyoyi. Baba yana zaune a kujerarsa yana cewa kar a fasa masa baho.

Dakta ya nuna wa aji sau biyu. Ya ce ga waɗanda suka fahimci salo har suka iya wasa da shi, ya tambaye ni yadda tunanin ya zo mini. Na gyara murya na ce dogon nazari ne. Bulus ya sunkuyar da kai yana tari.

Na gama karatuna, kuma ba wanda ya kwaso mini kaya. Wanda yake son ya ci gaba da ba da labarin bonet, ga fili ga mai doki, ni ma ga shi na bayar, kuma nawa ya fi daɗi. Abin da dai na koya ba a aji na koye shi ba: in ka ga manyan motoci sun cika unguwa, ka kasa kunne tukuna. In ba ka ji kiɗa ba, kar ka kawo naka. Cire gilashi, ka ce Allah ya jiƙan rai.