Jan Biron Lawali

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na koma kan benci na zauna ba, ni da na saba tsayuwa gaban allo da tsumagiya a hannu. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce a Zamfara. Jiha tana sabuwa, muƙamai na ta ɓullowa, amma duk wanda ka leƙa sai a ce mai digiri ake nema. Ni kuwa malamin firamare ne a Shinkafi, da 'yar tsohuwar takardata ta horon malamai, ina koyar da Hausa da addini. Ina ji ina gani yaran da na girme wa suka riƙa wuce ni suna zama hedimasta. Abin ya ci mini rai, na tashi na nemi jami'a.

Suka ɗauke ni, amma ɗauka mai sharaɗi. Ba zan shiga tare da 'yan farko ba, sai da bazara, a zango na biyu. Kafin nan dole in yi ajin share fage a Ƙaura Namoda tsawon kaka, in ci jarrabawar lissafi. In na ci, gurbina yana jirana. In na faɗi, gurbi ya tafi, kuma hutun karatun da ofishin ilimi ya ba ni ba a ba mutum shi sau biyu. (Ni da lissafi kuwa, tun ina yaro gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma daga nesa.)

Matata Luba ba ta ji sharaɗin ba, ko kuma ta ji ta ajiye shi gefe. Kafin in gama haɗa kaya duk unguwa ta san Malam ya samu jami'a. Ban ƙaryata ba, don gaskiya na ji daɗin abin.

Ranar farko na sa babbar riga, na kafa hula, na shiga aji da sallama. Maza na gefen dama, mata na gefen hagu, kamar yadda aka koma yi a lokacin. Ina shiga sai kusan rabin mazan suka miƙe zumbur suka ce, "Barka da asuba, Malam!" Na duba da kyau. Ɗalibaina ne na Zurmi, inda aka fara tura ni koyarwa. Yaran da na share wa majina, yau ga su da ɗan gashin baki, kuma ajinmu ɗaya.

Wani dogo a cikinsu, Lawali, ya taso ya durƙusa ya karɓi jakata. Ya share mini bencin gaba da hannun rigarsa, ya koma bayana ya zauna. Babu wanda ya yarda ya zauna kusa da ni. Benci guda ni kaɗai, kamar wanda ke da ƙazuwa.

Malamin lissafin, Malam Bawa, saurayi ne siriri mai saurin baki. In ya kama alli ya fara zuba haruffa cikin lissafi, sai in ji kaina yana juyawa. Ni a sanina lissafi da lambobi ake yin sa, me ya kawo baƙaƙe ciki? Ga shi ba halin in ɗaga hannu in yi tambaya a gaban yaran da na sha ce wa daƙiƙai. Sai in riƙa gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wanda ya riga ya san abin, ana dai tuna masa ne.

Duk Alhamis akwai gwaji. Ajin ya cika maƙil, Malam Bawa ba zai iya duba takardun kowa ba, don haka kowa ya miƙa tasa ga na bayansa, shi ya rubuta amsoshi a allo, a duba da jan biro. Sannan ya kira suna, mai dubawa ya faɗi maki da ƙarfi, shi kuma ya shigar. Takardata hannun Lawali take zuwa.

Alhamis ta farko na rubuta abin da Allah ya kawo bakin alƙalamina, na sunkuyar da kai ina jiran tonon asiri. Aka kira sunana. Sai na ji muryar Lawali daga baya: "Goma bisa goma." Aji ya ɗauki tafi. Mako ya zagayo, goma bisa goma. Na gaba ma haka.

Jama'a, sai na yarda. Na ce ashe lissafin nan yana cikin jinina, malaman da suka koyar da ni ne ba su iya tono shi ba. (In faɗi gaskiya, wani lungu na zuciyata ya sha yi mini raɗa. Nakan kalli amsar allo in kalli tawa, in ga ko kama ba su yi ba. Amma ga jan maki ɓaro-ɓaro a gefe, sai in ce ai lissafi hanyoyinsa da yawa.) Akwai darasin bayan la'asar da Malam Bawa ke yi wa masu rauni. Na je sau ɗaya, na ga bai dace da matsayina ba, na daina. A maimakon haka sai in zauna bakin tasha ina shan shayi, ina yi wa samari nasiha a kan dagewa. Har jakar hannu na saya mai makulli, ta zuwa jami'a, na kai wa Luba ta ajiye mini a saman kwanukanta.

Haka muka tafi har aka yanke gero aka shigar da dawa, jarrabawa ta matso. Ran nan wani Dokta ya zo daga jami'ar don ya ga yadda 'yan share fage ke ciki. Dattijo ne mai tabarau, maganarsa ƙasa-ƙasa. Malam Bawa yana ta rawar jiki, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani bawan Allah a ajin nan da nake alfahari da shi. Duk ya girme mu, amma bai taɓa faɗuwa ko tambaya ɗaya ba." Na waiga ina neman ko waye. Sai na ga ni yake nunawa da alli.

Ya rubuta wani ɗan gajeren lissafi a allo, ya ce in nuna wa yara yadda ake nemo x. Na tashi. Na karɓi alli. Na share gefen allon da babu komai a kai. Na rubuta kwanan wata a sama, na ja masa layi mai kyau. Na gyara hannun riga. Na sake kwafe tambayar a ƙasa da rubutuna mai tsabta, don rubutu kam na iya. Daga nan kaina ya ɗauke ɗif. Kafin in ankara tsohuwar al'ada ta ƙwace bakina, na juyo na fuskanci aji na ce, "To, wa zai gaya muna?"

Ba wanda ya motsa. 'Yan Zurmi duk suka sunkuyar da kai kamar ana zaman makoki. Daga gefen mata na ji wata ta danne dariya cikin hijabi. Dokta ya zare tabarau ya goge ya mayar.

Malam Bawa ya ce in ba shi takardun gwajina. Ya duba ta farko, ya duba ta biyu, fuskarsa ta canza. Ko amsa ɗaya babu daidai, kuma kowacce da jan makinta. Ya daka tsawa, "Wa ke duba takardar Malam?"

Lawali ya miƙe, hannuwansa a baya. "Ni na, Malam."

"Ba ka ga kurakuran ba?"

"Na gani."

"To don me?"

"Shi yak kama hannuna yak koya min riƙon alƙalami ina aji ɗaya. Ƙaƙa za ni yi in gitta mai jan biro? Walle hannuna bai iyawa."

Malam Bawa ya harzuƙa. Ya ce wannan ha'inci ne, a shekarar da kowa ke maganar gaskiya da adalci, kuma yau ɗin nan Lawali zai bar ajin. Yaron ya fara tattara littattafansa. Na san gidansu, na san babansa manomi ne da ya ɗora duk burinsa a kansa. Kuma shi ya iya lissafin, ni ne ban iya ba.

Ina tsaye da alli a hannu na ce, "Ranka shi daɗe, ku bar yaron ga, bai da laihi. Ni na ban iya ba. Tun randa munka hwara ban san mi x ɗin ga ka nuhi ba, kunya ta hana ni tambaya." Muryata ta fita har bayan aji, don muryar malamin firamare ba ta san raɗa ba.

Dokta ya dube ni ba fushi ba dariya, ya ce, "Malam, da farkon kaka ka faɗi haka, da yanzu ka iya." Na gwammace a ce mari ya kwaɗa mini.

Aka yafe wa Lawali. Ni kuma na koma darasin bayan la'asar da kai a ƙasa, amma lokaci ya riga ya ƙure. Lawali ya riƙa zuwa masaukina yana koya mini, a durƙushe gefen tabarma. Ko a nan, in na yi kuskure sai ya sosa ƙeya ya ce, "Kusan hakanan na, Malam." Aka yi jarrabawa na faɗi warwas. Bazara ta zo, 'yan ajinmu suka hau mota suka tafi jami'a, ni na hau ta Shinkafi. Na yi kuka a motar nan, na ce wa na kusa da ni ciwon ido nake yi. Luba ta gaya wa unguwa an ɗage tafiyar. Har yau a ɗage take, jakar nan mai makulli kuwa irin kuɓewa take ajiyewa a ciki.

Shekaru sun tafi, ina nan a ajina ban zama hedimasta ba. Kwanaki aka aiko mai duba makarantu daga ofishin ilimi, ya fito daga mota sai ga Lawali, da tumbi da furfurarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban yara, ya zauna bayan aji ya saurari darasina. Da zai tafi hedimasta ya zo yana murna, wai Lawali ya ce a duk makarantar babu malami kamar ni.

Ban yi murna ba. Yanzu duk wanda ya yabe ni, kafin in ce na gode sai na fara tambayarsa a wace firamare ya yi.